Cokali Ɗaya, Sannan Mu Jira

Shekara talatin Baba Altine na kiran salla a Ƙofar Rini,
muryarsa kan riga carar zakara isa bakin gulbi.
Bana, in ya kurɓi ruwa,
sai ta fito a jiƙe,
kamar tulun da aka dulmiya a rijiya.

Muka ce tsufa ne.
Ya ƙware da shayi, muka bubbuga bayansa,
muka ce wani ke ambatonsa a nesa.
Tuwon da kan ƙare kafin in ɗauraye hannu
ya koma kai shi har isha'i.
Ya koyi cewa ya ƙoshi.
Zoben azurfarsa ya suɓuce wajen alwala.

Ni na tsinci lomar.
Da safe ina goge masa baki,
ga naman daren jiya kwance a kuncinsa
kamar baƙon da aka hana shiga gida.

Sai zazzaɓi, sai ƙirji na kurari.
A asibiti likita ta daɗe tana sauraron bayansa, ta ce:
"Hanya biyu ce a wuya, ta iska da ta abinci.
Mai gadin mararrabar ne ya soma gyangyaɗi,
abin da ya ɓata hanya, a huhu yake sauka."

Yanzu zaune yake ci, cak, matashi biyu a baya,
haɓa ƙasa kaɗan kamar mai duba carbi.
Rediyo a kashe. Jikoki a waje.
Ruwa ɗan gaggawa ne, ya fi shi sauri,
sai kunu mai kauri, mai tafiyar dattawa,
fura an tace gayanta,
kabewa an murƙushe da romo.
Kilishi kuwa, ya shaƙi ƙamshi ya miƙo mini.

Cokali ɗaya.
In zuba wa maƙogwaronsa ido, ya hau, ya sauka.
"Yi magana, Baba."
In muryar ta fito a bushe, in ƙara.
In an gama ba kwanciya sai inuwa ta matsa taki guda,
in wanke bakin, in leƙa kowane lungu.

Jiya ya ce, "Kulu, ni nac ciyar da ke haka,
kina tofo min koko ga gemu."
Ban amsa ba, loma na bakinsa.

Da magariba sabon ladan ya ɗaga murya.
Baba ya gyara zama, ya bi shi a hankali.
Na tsaya da kwano a hannu ina saurare:
ba ruwa a cikinta ko ɗigo.