Murfin Lagireto

A ɗakin Gwaggo Tasalla, can ƙuryar Zangon Kumasi,
akwai wani murfin tagulla da ya lotsa a gefe.
Da shi take danne ganyen goro kada iska ta shiga.
Na ce, na mene ne? Ta ce, na kakanka ne,
ribarsa ke nan a tseren motoci.

Wace shekara? Ba ta riƙe ba.
Ta ce dai hanyar Mampong ba ta san kwalta ba tukuna,
kwabo yana da huda a tsakiya
kuma yana cika ciki.

Mota bakwai, in ji ta. Baba Nomau wanzami ya ce tara,
shi da ya ƙirga daga kan reshen mangwaro.
Ladan ya ce bai je ba, amma ƙarar
ta biyo shi har masallaci ta raba masa tasbihi biyu.

Ba fili, ba shinge. Hanyar kowa ce,
ta masu koko, ta masu itace, ta awaki.
Ɗan sanda ɗaya da usur a baki
aka ce ya kori gari guda daga titi.

Jatau, kakana, ba direba ba ne.
Yaron makanike ne, shekara sha shida,
aka ɗora shi gefen wani Bakwara mai kantin yadi
don duk garejin ya fi kowa rashin nauyi.
In an zo kwana, ya rataya waje kamar shanya.
In inji ya yi tari, ya buga famfon mai.
In ya hango mutuwa, ya yi shiru.

Suka bar Kejetiya. Tafo ta wuce kafin a ce kwabo.
Jar ƙasa ta rina 'yan kallo har gira,
wata tsohuwa ta saki tulu tana zagi da Tonanci,
zagin bai cim musu ba.
Su ne na biyu. Bakwara har ya fara waƙa.

Sai hawan dutse, inda hanya ke naɗuwa kamar gammo.
Nan lagireto ya huje.
Tururi ya yi sama, murfi ya yi tsalle ya shige ciyawa.
Bakwara ya zauna bakin hanya, ya cire hula,
ya ce shi ke nan.

Jatau ya laluba aljihu: goro uku,
guzurin da uwarsa ta ƙulle masa da asuba.
Ya tauna, ya tauna, har muƙamuƙi ya yi tsami,
ya cuɗa da sabulun salo da ya roƙo a wata bukka,
ya liƙe hujin da babban yatsa. Yatsan ya soye.
Ya yage hannun riga ya toshe bakin.
Ruwa kuwa, ƙwarya sha ɗaya daga rafi,
kowace da gudu, kowace rabi ta zube.

Sun iso bayan la'asar, na ƙarshe.
An naɗe tuta, makaɗa sun tafi neman tuwo.
Mutum huɗu suka tarar, da kare.
Amma da ƙafarta motar ta shigo,
ba a ja ta ba, ba a tura ta ba,
wannan Gwaggo da Baba Nomau ba su taɓa musu a kai ba.

An ce jarida ta buga sunan Bakwara, har da lambar mota,
ta ƙara da cewa, “da yaronsa.”
Aka karanta wa Jatau. Ya ce, to.
Ran Asabar ya kama hanya a ƙasa,
ya kwana biyu yana tona ciyawa a gindin dutse.

Har ya bar duniya yatsan nan bai sake farce ba.
Da shi yake nuna wa yara inda inji ke ciwo.

Ina juya murfin a tafina, ina neman ko rubutu,
ko ƙamshin mai, ko wani abu.
Gwaggo ta miƙo hannu, ba ta ko dube ni ba.
Ta ce, kawo nan,
gorona na bushewa.