Tsibirai a Hanta

Shekara sha tara ina koya wa yara taswira
a wata makaranta bayan Kasuwar Barci.
Tsibiri, nakan ce, ƙasa ce da ruwa ya kewaye.
Ban san ina yawo da nawa matattu a ciki ba
sai da likita ta zana mini su a bayan takarda.

Tun ina 'yar sha ɗaya suka ajiye aiki.
Allura da safe, allura da dare,
cinyata ta koma rariya.
Suga kuwa ba ya sallama,
cin gara yake wa azara:
ya taɓa ido, ya gangara ƙoda.

Fitsari na kumfa kamar ruwan wanki.
Takalmin salla ya ƙi ƙafata.
Sau biyu Haladu na tsinta ta a tsakar ɗaki,
yana goga mini zuma a dasashi,
yana kiran Suwaiba, Suwaiba,
babu amsa ko guda.

Muka sayar da filin Rigacikun,
dangi suka haɗa abin da ya sawwaƙa,
muka ƙetare teku.
Wani ya rasu a can.
Ban san sunansa ba, ban san alƙiblarsa ba.
Aka tace tsibiransa, ba su cika cokalin shayi ba,
aka ɗura su ta jijiya zuwa hantata,
ina kallon silin,
leɓena na motsi da kalmar shahada.

Suka zauna.
Baƙi a unguwar da ba tasu ba,
suka kama aiki babu albashi.
Na ci tuwon dare, na kwanta, na tashi,
lambar na'ura na nan kusa da inda na bar ta.
Haladu har yau yakan farka ƙarfe uku,
ya taɓa goshina, ya koma. Al'ada.

Amma jiki ba ya son baƙo.
Sai an ba masu gadinsa ƙwaya safe da yamma
kafin su ajiye gora.
Ƙwayar nan fa, in ji Dakta Shekari,
ranar Talata a Barau Dikko, tana juya biro,
hannu biyu gare ta:
ɗaya na kare baƙi, ɗaya na matse ƙoda.

Na ce, to wanne ya rinjaya?
Ta ce, suga ya daina gurza ta, wannan riba ce.
Awon jini ya ɗan hau, wannan bashi ne.
Za mu rage ƙwaya kaɗan mu sake aunawa.
Ki sha ruwa, ki janye gishiri,
ki bar maganin ciwon jiki na kemis.
Kuma ba na alkawari, wasu allura kan dawo musu.
Na ce na ji. Da saura kafin yarda.

A baranda na iske Baba Zakari,
abokin layina na da,
yana jiran injin wanki, jijiyar hannunsa ta yi tudu.
Ya ce, Malama, ke kam kin tsira.
Na ce, Baba, ana dai lallaɓawa.
Shi ba shi da filin sayarwa.
Na ƙura wa takalmina ido,
ya shiga ƙafa yanzu, ga shi nan yana ba da shaida.

Bas ɗin Barnawa ya maƙale a kan gada.
Rani ne, kogi ya ja ciki,
tsibiran yashi sun fito shan iska,
wata mata na shanya zannuwa a kan ɗaya.
Na ƙirga bakwai.
Damina za ta zo ta rufe su, na sani, ni na koyar.
Na dafa hanta, na zagaya na dafa kwiɓi,
na ce, ku yi haƙuri da juna, ɗakin ɗaya ne.
Kwandasta ya waiwayo: Hajiya, da ni kike?
Na ce, a'a ɗana, mu je,
magana ce ta cikin gida.