Tayar da Ba Ta Durƙusawa

Shekara ashirin da biyu ina faci a Jidda,
bayan Kilo Takwas, jikin shagon mai ful da tamis.
Hannuna ya san taya yadda ungozoma ta san ciki:
in murza, in tofa yawu, in jira kumfa,
in ce wa mai mota, ga ƙofar da ƙusa ta shiga.

Daren Talata, na kusa jan ƙyaure,
Suwaiba ta tsaya, 'yar Malam Tanimu tela,
wadda ke jinya a wani asibiti a Makka.
Ta ce, Baba Sha'aibu, tun Shumaisi fitila ta kama,
wai babu iska a ƙafar baya,
ni kuwa ban ji komai ba.

Kilomita hamsin, dare, mace ita kaɗai,
tireloli na wucewa kamar an koro su.
Ba ta sauka ba. Ba ta nemi jak ba.
Ba ta tsaya gefen kwalta tana ɗaga wa baƙo hannu ba.
Ta rage gudu kawai, ta ci gaba da salatinta,
taya ta ɗauke ta a kan haƙarƙarinta
har ƙofar shagona.
Wannan kam, wanda ya ƙera ta, na sara masa.
Ina da 'ya'ya mata uku.

Sai na kwance, na ɓare, na haska ciki.
Baƙin gari ya zubo mini a tafi
kamar an daka gawayi.
Daga waje lafiya lau, ko lotsawa babu,
daga ciki ta cinye kanta tas.
Na ce, 'yata, wannan ta wuce faci.
Da irin tamu ce, riyal goma sha biyar, ki sha shayi, ki tafi.
Wannan ɗari tara, in an samu,
kuma ba za a samu ba sai an kira Dammam.
Ta buɗe but: babu safaya, ko gurbinta ba a yi ba.
Ta yi dariyar da ba ta kai ido ba,
ta ce, dama ga tauri, kowane tudun hanya sai na ji shi a baya,
ga saurin cinyewa, bara fa na saya.
Kwana uku motar na kwance a inuwata,
ita tana bin bas.

Abin da ban faɗa mata ba:
lokacin da garin nan ya zubo, Baba na tuna.
Malam Ilu, mai tura keken tsofaffi
tsakanin Safa da Marwa, bakwai bayan bakwai,
wata goma sha ɗaya da wani abu a cikinsa
bai ce uffan ba, bai karkace ba,
ya kai kowa inda za shi,
ya kawo kuɗin haya, ya ɗaura wa ƙanwata aure.
Ranar da likita ya buɗe, ya rufe,
ya fito yana cire safar hannu,
ya ce da kun zo da wuri.

Taya ta gari, in ta ji ciwo, kwanciya take
a tsakiyar titi, kowa ya gani, kowa ya yi tsaki,
a kawo mini ita, in ɗinke, ta ƙara shekara biyu.
Waccan kuwa ta fi ƙarfin kuka.
Ban san wadda zan saka wa 'yata ba in ta sayi mota.
Da dare ina cewa waccan.
Da safe in ce wannan.

Tsohuwar tana nan, ban ba masu kwasa ba.
Na jingine ta bayan injin iska.
Wata mage ta haihu a ciki.