Ta Ƙofar Baya

Na sauka Kumasi ran Talata, ana ruwa,
da jaka ɗaya, da tari,
da hannuwa biyu da sabulu ya cinye.
Ban kwance takalmi ba Aboabo ta taru:
"Inusa, a ina mutanen Italiya ke cin abinci?"

To ku matso. Amma ku sani,
ni ta ƙofar baya na san ƙasar,
wajen kwandon shara, inda kyanwa ke jiran rabonta.

Akwai ristorante, gidan manya.
An lulluɓe tebur da fari kamar gawar attajiri,
cokula huɗu gaban mutum mai baki ɗaya.
Shekara biyu ina wanke su,
ban ga fuskar mai lasa ba ko sau guda.
Faranti ne ke kawo mini labari:
in ya dawo da rabin kifi,
na san an yi faɗa a teburin.

Taratoriya kuwa ta iyali ce,
uwa a murhu, ɗa da tire, miji na ƙirga canji.
Ba a tambayar me kake so,
abin da tsohuwa ta dafa, shi ne.
Tawa tsohuwar Nunziya,
gajeriya, ga baki kamar yaron mota a Kejetiya.
Ita ta ware mini tukunya,
ta ɗaura mata jan zare a kunne,
ta ce alade ba zai leƙa nan ba muddin tana numfashi.
Ta cika alkawari.
Ni da 'ya'yanta uku muka ɗauki akwatinta.

Osteriya ta tsofaffi ce, ruwan inabi da karta.
Ban kurɓa ba, Allah shaida,
na dai goge zoben da kofi ke bari a katako.

Abin da suke kira bar,
kai Awudu, daina zaro ido,
mai shayi ne ya samu rufi da madubi.
Gahawa a kofi kamar murfin kwalba,
a tsaye, kurɓi biyu, kowa ya kama gabansa.
Ba su san a bar shayi ya huce
don gardama ta yi zafi ba.

Gidan fiza ban daɗe ba,
tanderu ya ci mini gira, na ce a kai kasuwa.

Duk wannan Inna Adiza na ji
daga bayan tukunyar shinkafa da wake,
karan dafi ya rina mata yatsu.
Ba ta ɗago ba ta ce,
"Gidajen nan da ka lissafa,
a wanne ka zauna ka ci?"

Ruwa na dukan kwano.
Na tuna bokitin da nake kifawa in zauna,
ƙafa ɗaya a tokare da ƙofa.
Ba wanda ya yi dariya.

Ta kori yara daga benci.
Ta shimfiɗa ganye, ta zuba,
ta sa gari, ta sa ƙwai, ta sa baƙin yaji,
ta yafa taliya a kai.
"Ga Italiyar taka nan,
tun ba a yaye ka ba nake sayar da ita."

Na ci a zaune, bayana jingine da bango.
Da na gama, hannu ya riga ni,
ya ɗauka, yana neman ruwa da soso.
Ta buge shi da ludayi.

"Ganye ne, Inusa.
Ba a wanke shi."