Lemar da Aka Manta a Ancud

A Osorno muka ɗauki motar haya, ana tsuga ruwa,
Baba a sitiyari, Inna riƙe da taswirar da ta girme ni,
ni da ƙanena Thayne a baya muna faɗa kan taga.
Shekara talatin da ɗaya rabonsa da ƙasar nan.
Dattijo Tueller ake ce masa a lokacin.
Dattijo! Ga shi ko gemu bai tsiro ba,
ɗan sha tara, farar riga, baƙin bajo a ƙirji,
da takalmin da ya sha ruwan Chile har ya wage baki.

Can gida Idaho mun haddace labaran nan
kamar addu'ar cin abinci:
karen da ya yage masa wando a Purranque,
ƙofa ɗari aka buga, biyu suka buɗe.
In ya ɗauko, sai mu haɗa ido mu ƙarasa masa.
Amma tun da muka wuce Frutillar bakinsa ya mutu,
abin goge gilashi kaɗai ke kai da kawowa.

Ɗakin da suka yi haya ya zama shagon faci.
Ya tsaya gaban tulin tayoyi yana nuni da yatsa:
nan gadona, can na Dattijo Fonoti,
mai munshari kamar injin niƙa,
mai rera waƙar tsibirinsu in kewa ta ci shi.
Fonoti ya rasu shekara shida ke nan.
Baba bai je jana'iza ba; tikiti ya yi tsada, in ji shi.
Mai faci ya dube mu, ya dubi tayoyinmu huɗu lafiya lau,
ya koma kan aikinsa.

Jirgin fito ya tsallakar da mu Chiloé.
Thayne ya yi amai. Inna ta raba biskit.

A Ancud, inda hanyar laka ta ƙare,
gida ne na katako, hayaƙi na tashi ta rufin kwano.
Baba ya gyara wuyan riga kafin ya ƙwanƙwasa.
Hannu bai manta ba: sau uku, sai taku ɗaya baya.
Eduvigis Cárcamo.
Wata huɗu suna karanta mata Littafin Mormon,
tana cika su da dankali da romon kifi,
baftisma kuwa ta ce a kai kasuwa:
uwarta na kwance bayan tsohuwar coci,
ita ba za ta sauya maƙwabta ba.
A kundinsa na wancan zamani
sunanta na layin waɗanda suka kuɓuce.

Ta daɗe tana ƙare wa furfurarsa kallo.
Kai ne wanda bai iya faskare ba, ta ce.
Sai Sifaniyanci ya ɓalle daga bakin Baba
kamar famfon da aka daɗe ba a murɗa ba,
tsatsa tukuna, sannan ruwa.
Inna ce ke tsinto mana kalma ɗaya cikin biyar.

Ta tambayi ƙaton nan mai waƙa.
Baba ya dubi takalminsa.
Ta yi alamar gicciye irin tasu ta Katolika,
shi kuma ya ce amin.
Sai ta miƙa hannu bayan ƙofa
ta jawo baƙar lema, haƙarƙarinta biyu a karye:
kun bar wannan, na ce wata rana ɗayanku zai dawo.

Yanzu yana tsakar gida da gatarinta,
yana sara yana kuskure, kamar dā,
Thayne na riƙe masa lemar da ba ta tare komai,
tsohuwa na dariya har da tari.
Ni ina bakin murhu, safata na tururi.
Takardar kirana za ta iso a watan Afrilu.
Ban san ƙasar ba tukuna,
ban san me zan manta a bayan ƙofar wa ba.