Mai Shafa Farar Ƙasa

Shekara arba'in da ɗaya ina yi wa cocin nan farar riga,
ni Kustodiyo ɗan Epifaniya, na unguwar masu gishiri.
Daminar Goa ba ta san girman kowa ba.
Ta wanke bango, ta bar gansakuka,
ta mai da kumatun waliyyi kore kamar bayan kunkuru.
Sai in jingina tsani, in fara daga sama.

Fada yana da littafi, ni ina da farce.
In na kankare bango, shekaru ke zubowa a tafina,
ɓawo kan ɓawo, kamar albasa.
Ga inda ruwa ya tsaya shekarar da kogi ya zo Misa,
ya zauna a bencin gaba, bai durƙusa ba.
Ga baƙin daren da kyandir ya lashi labule.
Ga sunaye goma sha bakwai da aka zana da ƙusa
a shekarar amai da gudawa,
lokacin da mai ƙararrawa ya gaji da shelar mutuwa,
ya naɗe harshenta da tsumma
don masu jinya su samu runtsawa.

Can ƙasa, inda jar marmara take tsirara,
akwai dutse ɗaya mai furen bado.
Ba mai gicciye ya sassaƙa shi ba.
Ya girmi jirgin da ya kawo ƙararrawa.
Kakana ya ce, kada ka rufe shi, kada ka yi tallarsa.
Nakan kewaye shi da buroshi, in wuce.

Kwana tara ana addu'ar asuba kafin idi,
albarushi na tashin hankaki daga kan kwakwa.
Masu soyayyen wake sun kafa rumfa,
mata sun jiƙa shinkafa, ƙullu na kumbura cikin tukunya,
tela Inasinyo bai ga katifarsa ba tun Litinin.

Ranar, dattawa kan yafa jan mayafi,
a ɗauko Waliyyi Bartalamawus a kafaɗu huɗu,
masu kakaki a baya, kowa da tasa hanyar,
amma tare suke isa.
A gangara fadama, laka na cin takalman idi.
Fada ya karɓi laujen azurfa,
wanda bai taɓa yanka komai ba sai zangarniyar fari,
ya yayyafa ruwa, ya sunkuya, ya yanka.
Kafin wannan yanka, ba mai ɗanɗana sabuwar shinkafa.

A da, gona ta kai inda ido ya gaji.
Yau otal ya zauna a kanta da tafkin wankansa.
Saura fegin Piyedade, matar marigayi mai jirgin fito,
taki ashirin ne in ka taƙaita ƙafa.
An yi mata tayi sau uku, ta ce kunnenta ya yi nauyi.
Can muka je bara. Can za mu bana.

'Ya'yanmu suna teku, suna wanke kwanukan manyan jirage.
Su ke aiko kuɗin wutar da ke fashewa a sama,
su kalle ta a waya, daga inda rana ba ta faɗi ba tukuna.
Nawa ɗan ya ce, Baba, sauko daga tsani,
akwai fenti yanzu mai shekara goma.
Na ce, bangon da ba a taɓawa, wa zai san yana ciwo?

Da yamma Dattaram maƙeri, wanda ba ya cin abin bagade,
yakan tsaya a bakin ƙofa, huluna a hannu.
Nakan miƙa masa zangarniya biyu,
kamar yadda ubana ya miƙa wa ubansa.
Ɗaya ya rataya a ƙofar gidansa.
Ɗayar, na san inda yake ajiye ta,
don da safe nakan tarar da ita
a gindin dutsen nan mai fure,
tsuntsaye sun riga ni.