Ginin da Ba Siminti

Shekara talatin da huɗu ina ɗora bulo kan bulo,
daga Gangare har Bukuru akwai katangun da suka san tafina.
Yau ga ni a shagon Kachollom, bayan Tamunus,
ruwan Agusta yana dukan kwano,
yarinyar da na gina wa ubanta ɗakin girki
ta ja mini kujera, wai za ta koya mini gini.

Ta ce, Baba Sallau, da suna ake farawa.
Domen ke nan, adireshin da za a neme ka.
Na ce lambar gida.
Ta ce e, amma ta haya ce, duk shekara sai ka biya,
ranar da ka manta
wani ya cire sunanka ya rataya a ƙofarsa.
Na yi shiru. Ban taɓa jin an yi hayar suna ba.

Sai hostin, filin da ginin zai zauna,
can cikin wata na'ura da ake ce wa saba,
a ƙasar da ban san launin yashinta ba.
Na ce fili ba mai unguwa, ba shaidu, ba la'ada?
Ta yi dariya har linzami ya zame mata.

Ta buɗe dashbod.
Nan kwangiri da cebur suke kwana, baƙo ba ya shiga.
Kalmar sirri ce kwaɗonsa.
Kada ka sa sunan autarka, in ji ta,
duk layinku sun san Talatuwa.

Ta nuna mini jigo, rigar da gida ke sawa.
Ta danna, bango ya zama shuɗi,
ta sake, taga ta koma hagu,
harsashi ko gezau.
Ni da sai na kwana uku ina kankare fenti
ƙura a hanci, mai gida a kaina.

Shafi daban, fos daban.
Shafi ginshiƙi ne, inda ka kafa shi nan zai tsufa:
su wane ne mu, ina za a same mu.
Fos kuwa tumatirin Farin Gada,
na yau ya hau kan na jiya.
Filogin shi ne famfon da ake ja bayan an tare,
ko tankin da ake ɗorawa a sama.
Kada su yi yawa, Baba.
Na ce wannan kam bar mini,
na ga dakin da aka yi wa lodi ya durƙusa.

Daftari, igiya da turaku ne, ba wanda ya gani sai kai.
Wallafa, a buɗe ƙofa duniya ta leƙo.

Sai ta miƙo mini linzami.
Yatsan da siminti ya cinye wa zane
ya sauka inda ba a aike shi ba.
Allo ya yi fari fat.
Aikin wuni guda, ko ƙusa ba ta rage ba.
Na ce innalillahi.

Ko ɗagowa ba ta yi ba.
Akwai bakof, ta ce, na ajiye kwafinsa da azahar.
Kafin shayi ya huce
gida ya tashi tsaye da tagoginsa,
har hoton katangar da na yi a Tudun Wada.

Na daɗe ina kallo.
Akwai wani gida mai ɗaki huɗu da bishiyar piya,
ni na haƙa shi, ni na rufa shi,
a unguwar da yanzu sai da rana nake ratsawa.
Ba wanda ya ajiye mini kwafinsa da azahar.

Na ce, 'yata, wannan maɓalli
na cikin allo ne kaɗai?
Wannan karon ba ta yi dariya ba.
Ta ƙara mini shayi,
ta ɗora yatsana kan wallafa,
ta ce, danna, Baba, ruwa ya kusa ɗaukewa.